Ƙarin maƙalolin neman shirin likitanci, haƙori da lauya a jami'o'in Amurka: me masu tantancewa ke nema?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ajin ƙarshe na sakandare a Amurka, iyayena 'yan Katsina ne. Na gama babbar maƙalata ta Common App, fom ɗin bai-ɗaya na neman jami'o'in Amurka. Ina son neman shirin da ke haɗa digirin farko da karatun likita, ko da yake aikin haƙori ma yana burge ni, ɗan uwana kuma lauya yake son zama. Sai ga shi kowace jami'a ta jero wasu tambayoyi nata daban. Me suke nema a ciki? Zan iya tura amsa ɗaya ga dukkansu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Bari in fara da tambayarki ta biyu domin ta fi sauƙi: a'a, amsa ɗaya ba za ta wadatar ba. Za ki iya sake amfani da labaran da kika tara, amma kowace maƙala sai an yanka ta daidai da tambayarta, kamar yadda tela ke yanka yadi ɗaya ya fitar da riguna daban-daban.

Kafin a zo ga rubutu, ya kamata ki san dalilin da ya sa ake yin waɗannan tambayoyi. A Najeriya ɗalibi kan fito daga sakandare ya rubuta JAMB ya shiga karatun likita (MBBS) na shekara 6 ko na lauya (LLB) na shekara 5 kai tsaye. A Amurka sai an gama digirin farko na shekara 4, sannan a nemi makarantar likitanci ko ta haƙori, kowacce shekara 4, ko ta lauya mai shekara 3. Shirin da kike nema gajeriyar hanya ce: jami'a ta yi wa ɗan shekara 17 alkawarin kujera a makarantar likitanci tun bai taka ajin farko ba, bisa sharaɗin ya riƙe makin da aka gindaya. Shirin Jami'ar Brown mai suna PLME shekara 8 ne, haka na Jami'ar Rochester mai suna REMS. Na Jami'ar CUNY da ke unguwar Harlem a New York shekara 7 ne, na Jami'ar UMKC a Kansas City kuma shekara 6. Kujerun kaɗan ne ƙwarai, kusan duk wanda ya nema makinsa ya kai. Abin da ke damun kwamitin shi ne kada su ba da kujerar ga wanda zai gane bayan shekara biyu cewa aikin bai dace da shi ba, ko wanda dama burin iyayensa ya ɗauko. Saboda haka duk tambayar da kika gani, ko da yaya aka juya ta, tana neman hujja ne cewa kin ga aikin da idonki, kin san wahalarsa, kuma shawarar taki ce.

Wani abu da za ki duba tun kafin ki rubuta kalma ɗaya: sharaɗin zama ɗan ƙasa. Da yawa daga cikin waɗannan shirye-shirye ba sa karɓar kowa sai ɗan Amurka ko mai takardar zama ta dindindin. Idan aka haife ki a can, babu matsala. Idan biza kike kai, ko mai karatu yana neman daga Kano ko Yamai, a buɗe shafin kowane shiri a tabbatar, kada a ɓata mako uku kan maƙalar da ba za a buɗe ba.

Tara kaya kafin rubutu

Kada ki fara da buɗe tambaya ta farko ki hau rubutu. Ɗauki takarda ki jero abubuwa 8 zuwa 10 da suka faru da ke da gaske. Kowanne ki rubuta masa layi huɗu: ina ne kuma yaushe, me kika gani ko kika yi da hannunki, me ya ba ki wuya ko mamaki, sannan me kika canja bayan nan. Layi na huɗu shi ne gwaji. Duk labarin da ba shi da layi na huɗu, ajiye shi gefe, domin labari ne kawai, bai zama hujja ba.

Bayan haka ki kwafo duk tambayoyin jami'o'in da kike nema a wuri ɗaya, kowacce da iyakar kalmominta da ranar rufewa. Ki kwafo daga shafin bana, saboda jami'o'i na canja tambayoyi daga shekara zuwa shekara. A Common App wasu tambayoyin ba sa fitowa sai kin zaɓi shirin a cikin fom, wasu makarantun kuma sai bayan kin tura fom ɗin farko suke aiko da nasu. Idan kika jera su za ki ga yawancinsu iri huɗu ne: me ya sa wannan sana'a, me ya sa wannan shiri, wane irin mutum ce ke, da kuma wace matsala ta sana'ar kika yi tunani a kanta. Sai ki raba labaranki a kansu, da doka ɗaya: a jami'a guda, labari ba ya fitowa sau biyu. Mai karanta ƙaramar maƙala ya riga ya karanta babbar mai kalma 650 da jerin ayyukanki goma. In kika maimaita, kin zubar da damar nuna masa sabon abu.

"Me ya sa likitanci?"

Nan ne aka fi faɗuwa, don haka zan daɗe a kai. Jami'ar Case Western Reserve da ke Cleveland, a irin wannan shiri nata mai suna PPSP, ta saba ba da kalma 250 zuwa 500 ga wannan tambaya. A kalma 500, ga rabon da ke aiki: kamar 70 ga abin da ya fara jan hankalinki, 230 ga abubuwa biyu da kika yi domin gwada wannan sha'awa, 100 ga ɓangaren aikin mai wuya da kika gani, 100 na ƙarshe ga inda kika dosa. Ki lura mafari shi ne mafi ƙanƙanta. Yawancin ɗalibai juya rabon suke yi, su kashe kalma 350 kan rashin lafiyar kaka ko ranar da aka kai su asibiti suna shekara shida.

Labarin rashin lafiya a gida ba laifi ba ne, kuma sau da yawa gaskiya ne. Matsalarsa ita ce a cikinsa ke 'yar kallo ce, likita ne ya yi aiki, kaka ce ta sha wuya. Kwamiti kuwa ke yake son gani kina motsi. Ba shi jimla uku ko huɗu, ki wuce zuwa abin da ya sa kika yi.

"Ina son taimakon mutane" ma ba ta isa ba. Nas tana taimako, malamin makaranta yana taimako, mai kashe gobara ma haka. "Ina son kimiyya" kuma mai bincike a ɗakin gwaji zai faɗe ta. Dole maƙalar ta nuna abin da ya keɓanta da likita: shi ne ke haɗa alamomi ya gano cuta, ya yanke shawara alhali bayanin da ke hannunsa bai cika ba, ya ɗauki alhakin sakamakon. Ga gwaji mai sauƙi: cire kalmar likita a maƙalarki ki sa nas ko mai haɗa magunguna. Idan komai ya zauna daidai, ba ki amsa tambayar ba tukuna.

Zan ba ki misali da Hausa, ke kuma ki gina naki da Turanci. Jimla mai rauni: "Aikin sa-kai a asibiti ya koya mini tausayi da haƙuri." Kowa zai iya rubuta ta ko bai taɓa shiga asibiti ba. Mai ƙarfi: "Na yi wa wata dattijuwa tafinta, likita ya tambaya ko tana shan maganin hawan jininta, ta ce e. Da muka fito ta gaya mini tana raba ƙwayar biyu don ta kai ƙarshen wata. Na koma na sanar da nas, daga ranar kuma na lura da yadda tambayar e-ko-a'a ke ɓoye gaskiya." A nan akwai abin da ya faru, akwai abin da mai rubutu ta yi, akwai abin da ta fahimta, ba a kuma ambaci tausayi ko sau ɗaya ba. 'Ya'yan baƙi da yawa sun yi wa iyaye ko maƙwabta tafinta a asibiti tun suna yara, suna ganin abin ba komai ba ne. A gaskiya yana cikin mafi kyawun kayan da za a iya ginawa a kai, in dai an faɗi wahalarsa: kalmar da babu ita a Hausa, ko nauyin gaya wa babba labari marar daɗi.

Abu biyu na iya kashe takarda nan take. Na farko, tona asirin majinyaci. Dokar kare bayanan lafiya ta HIPAA ta 1996 ta sa sirrin marar lafiya ya zama abin da likitocin Amurka ke ɗauka da matuƙar nauyi, kuma likitoci na cikin masu karanta maƙalarki. Kada ki sa suna, ranar zuwa, ko siffar da za a gane mutum. Na biyu ya fi shafar masu zuwa gida hutu. Idan kika je asibiti a Katsina aka bar ki ki yi allura, ko ɗinkin rauni, ko ki taya karɓar haihuwa, kina iya ɗauka abin alfahari ne. A idon kwamiti, ɗaliba marar horo ce ta taɓa majinyaci da abin da ya fi ƙarfinta, kuma ba ta ga laifin hakan ba. Bin likita a tsaya ana kallo, rubuta sunaye, jera fayil, zama da masu jinya, waɗannan su ne iyakar ɗan sakandare, kuma sun isa a rubuta maƙala mai kyau. A ziyarar gida kuma ki guji rubutun da ke nuna mutanenki a matsayin abin tausayi da ke jiran ki dawo ki cece su. Faɗi abin da kika koya daga ma'aikatan da ke aiki a wurin kullum.

Sai maganar kunya. An tarbiyyantar da mu cewa yabon kai jahilci ne, shi ya sa ɗalibanmu kan ɓuya bayan "muka yi", "aka yi", "ƙungiyarmu ta yi". Mai karatu sai ya gama bai san me ke kika yi ba. Faɗin abin da ya faru ba yabon kai ba ne. "Ni mai ƙwazo ce" yabo ne, ki cire. "Na tsara jadawalin masu sa-kai 12 na tsawon wata biyar" bayani ne, ki bari. Haka batun addini: in imaninki na cikin dalilanki, faɗe shi a sarari, amma ki haɗa shi da aikin da ya sa kika yi. Batun asali ma haka. Tun hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na watan Yunin 2023, jami'o'i ba sa la'akari da launin fata a matsayin dalilin ɗauka, amma hukuncin ya bar ƙofa ga ɗalibi ya bayyana yadda asalinsa ya shafi rayuwarsa. Wato cewa ke Bahaushiya ce kaɗai ba zai ɗaga takardarki ba. Abin da zama tsakanin harsuna biyu ya koya miki, da misali, shi ne ake karantawa.

"Me ya sa wannan shiri?"

Amsar da ke cikin zuciyar yawancin masu nema ita ce: don in tsira daga MCAT, jarrabawar shiga makarantar likitanci, da fargabar neman makaranta karo na biyu. Kwamiti ya san haka, ba ya buƙatar ji. Abin da yake son sani shi ne me za ki yi da sararin da tabbacin kujera zai ba ki. A Brown, inda babu tilas na wasu darussa na bai-ɗaya kuma ɗaliban PLME na iya karanta fannin da suka ga dama, amsa mai kyau za ta ambaci fannin da kike son zurfafawa, tarihi ne ko kimiyyar harshe, da yadda zai gyara aikinki na likita. Wannan amsar in kika kai ta UMKC ta faɗi, domin can shekara 6 ne a matse, kuma ɗalibi na fara hulɗa da majinyata tun shekarar farko a ƙarƙashin likita mai kula da rukuninsa. CUNY kuwa an gina ta ne kan samar da likitoci ga unguwannin da ba su da isassun masu duba lafiya. Wanda ya rubuta musu cewa burinsa tiyatar kwalliya bai karanta manufarsu ba.

A kowace irin wannan maƙala ki sa abubuwa biyu ko uku da babu su sai a wannan makaranta, kowanne ki ɗaure shi da wani abu da kika riga kika fara. Jero sunayen darussa da farfesoshi ba tare da wannan ɗauri ba, ana gane kwafi ne daga intanet. Kuma kafin turawa ki bincika sunan jami'a a cikin rubutun. Barin sunan wata makaranta a maƙalar da aka sake amfani da ita kuskure ne da ke faruwa duk shekara.

Haƙori

Tunda kina tunanin duka biyun, ki sani makarantun haƙori na saurin gane wanda ya ɗauke su madadin likitanci. Maƙalar likitanci da aka canja wa kalmomi ba ta wucewa. Dole ki zauna a asibitin haƙori ki ga yadda ake cike rami, yadda ake lallashin yaro mai tsoro, yadda majinyaci ɗaya ke dawowa wurin likita ɗaya shekara da shekaru. Shirin shekara 7 na Jami'ar Pennsylvania ya saba yin gajerun tambayoyi da dama, ciki har da wadda ke neman ayyukan da ke nuna ƙwarewar hannu, da wadda ke tambaya ko akwai likitan haƙori a dangi. Ta hannun ba wasa ba ce, domin aikin ana yin sa ne a ɗan ƙaramin wuri, wani lokaci ta cikin madubi, shi ya sa DAT, jarrabawar shiga makarantar haƙori, ma ke da sashe na gwada fahimtar siffofi. A nan kayan gida na da daraja: zanen lalle, kitso, ɗinkin hula, saƙa, gyaran wayar hannu. Kada ki tsaya a sunan aikin. Faɗi shekara nawa kina yi, awa nawa zane ɗaya ke ci, wane kuskure kika daɗe kina yi, ta yaya hannunki ya daidaita.

Idan aka tambayi matsalar lafiyar baki da ta dame ki, kuma kina da alaƙa da gida, cutar da likitoci ke kira "noma" misali ce ta gaske: tana cin fuskar ƙananan yara masu fama da tamowa, akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disambar 2023. Amma sai in kin karanta a kai sosai, domin duk abin da kika rubuta za a iya tambayarki a ganawar tantancewa.

Ga ɗan uwanki

Nasa ya fi sauƙi. Yawancin shirye-shiryen lauya na 3+3 ne, shekarar farko ta makarantar lauya ta zama ta huɗu ta digirin farko, a gama a shekara 6 maimakon 7. Da yawansu sai a shekara ta uku ta jami'a ake nema, galibi da sakamakon LSAT, jarrabawar shiga makarantar lauya, ko da yake wasu kamar Jami'ar Pittsburgh na ba da tabbaci tun daga sakandare. A maƙalar lauya rubutun kansa shi ne jarrabawa. "Ina son gardama" da "ina son adalci" su ne takwarorin "ina son taimakon mutane". Ya ɗauki matsala ɗaya ƙarama da ya sani, misali takardar haya da ya taya iyayenku fassarawa, ko dokar makaranta da ya nemi a gyara, ya nuna ɓangarori biyu, ya kawo hujjar da ta fi ƙarfi a kan ra'ayinsa, sannan ya faɗi inda ya tsaya da dalili. Aikin lauya yawanci karatu ne da rubutu a zaune. Maƙalar da ta san haka ta fi wadda ke mafarkin jawabi a gaban alƙali.

Lokaci da gyara

Common App na buɗewa ranar 1 ga Agusta. Waɗannan shirye-shirye da yawa na rufewa tsakanin 1 ga Nuwamba da 1 ga Disamba, tun kafin ranar gama-gari ta farkon Janairu, kuma mai neman guda takwas zai iya samun kansa da maƙaloli sama da ashirin. Ki fara da mafi tsawo a kowane iri, domin rage 500 zuwa 250 ya fi sauƙi a kan miƙa 250. Zubin farko ya wuce iyaka da kamar kashi ɗaya cikin uku, sannan ki datse. Abin da ake fara cirewa shi ne sakin layi na farko, wanda yawanci share fage ne, da jimlar ƙarshe mai maimaita abin da aka riga aka faɗa. Ki cika kashi 90 na iyakar ko sama, kada ki wuce, domin akwatin fom ɗin ba ya karɓar abin da ya haura. Idan kina neman shiri ta hanyar alkawarin farko mai ɗaurewa, wato neman wuri da wuri bisa sharaɗin dole ki je in an ɗauke ki, ki karanta da kyau me zai faru in jami'a ta ɗauke ki amma shirin likitancin bai ɗauke ki ba.

Masu duba miki kada su wuce biyu ko uku: malamin Turanci domin harshe, da wani mai aikin asibiti domin ya kama abin da ba ya faruwa a zahiri. Ki roƙe su su nuna inda suka ruɗe ko suka gaji, kada su sake miki jimla. In hannu ya yi yawa, muryar ɗan shekara 17 ta ɓace, sai ta dawo ta ɗan shekara 45. Haka kuma ƙa'idar Common App ta ɗauki tura rubutun da manhajar kwamfuta ta ƙirƙira a matsayin naki cikin zamba. Bayan turawa ki buga kwafin kowace maƙala ki ajiye a fayil da sunan makarantarta. Ana kiran ganawa ne bayan wata biyu ko uku, kuma mai yi miki tambayoyi yana iya buɗe takardarki ya ce ki ba shi labarin dattijuwar nan mai raba ƙwaya, da abin da nas ta yi bayan kin sanar da ita.